A Cire Sabon Direba

Ranar Talata, da muka dawo daga cin abincin rana, muka tarar an yayyanka mana aikin sati biyu.

Wurin aikinmu allunan sanarwa yake yi: sunan shago, lambar ɗaki, kibiyar da ke nuna wa mutum hanyar banɗaki. Ɗaki uku ne da tsakar gida da motar ɗaukar kaya guda ɗaya, amma Hajiya, mai wurin, kamfani take ce masa, mu ma haka muke cewa in tana kusa. Ni ne mai duba rubutu. Shekara goma sha tara ina kare mutane daga kunyar harafin da ya ɓace, abin da na samu a ciki shi ne suna: Jan Biro.

Aikin da aka lalata na wani sabon asibitin yara ne da za a buɗe ranar Litinin. Sunayen ɗakuna ne da kibiyoyi, ana yanko su daga wata shuɗiyar leda mai mannewa, mai ƙyalli. Naɗi ɗaya tak muka samu, wani kuma sai bayan sati shida. Injiniya, mutumin da ke kula da injin yanka, ya ɗora naɗin kafin mu fita, ya tura aikin daga kwamfuta, ya kulle ɗakin kamar yadda ya saba. Injin ba ya bukatar mai tsaro, yana yankansa muna cin abincinmu. Da muka dawo ya buɗe ƙofa, sai ga leda jibge a ƙasa, mita goma sha biyu. Haruffan farko lafiya lau. Daga nan kuma dogayen yanka sun ratsa komai, sama da ƙasa, gefe da gefe, har “Ɗakin Haihuwa” ya rabu gida bakwai.

Mai shara ce ta fara magana. “Reza ce,” in ji ta. “Wallahi reza aka sa.”

Ba wanda ya tambaye ta yadda ta sani. Magana ta farko a irin wannan ɗaki ita ke zama gaskiya, sauran sai su bi ta a baya.

Hajiya ta kira Mai Gyara, wanda ya haɗa mana kwamfutar da injin tun farko. Yana kan hanyar tafiya, layin yana ta tsinkewa. Ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

“Kana ji na? An yayyanka komai, layi-layi, ta kowane gefe!”

“Layi-layi?” Ƙarar mota, sannan muryarsa ta dawo. “Ai sabon direba ne, Hajiya. In dai aka sa sabo, haka zai yi ta yi muku. Ku cire shi, ku dawo da tsohon…”

Layin ya mutu. Ta sake kira sau shida, ba a samu ba.

* * *

Sati uku ke nan da Hajiya ta sallami tsohon direbanmu, bayan ya daki ƙofar gida da baya karo na biyu, ta ɗauki sabo. Ba mu wahalar da kanmu da sanin sunansa ba, Sabon Direba muke ce masa. Mutum ne mai shekara arba'in da wani abu, marar magana, mai wanke motar da ba tasa ba kamar zai aure ta. Abu ɗaya kowa ya sani game da shi: ya taɓa yin shekara biyu a gidan yari, kan wasu kaya da suka ɓace daga babbar motar da yake tuƙawa. Hajiya ta sani ta ɗauke shi. Ba tausayi ba ne. Mutumin da ba shi da wurin zuwa ba ya musu.

Shi kaɗai ne ba ya fita cin abinci, daga gida yake zuwa da nasa. Kuma makullin ɗakin yanka yana cikin zoben makullin mota, saboda shi ke loda alluna.

Kafin la'asar an gama shari'a. Mai shara ta tuna ya taɓa yi mata wani irin kallo. Mai walda na maƙwabta, wanda ba a gayyata ba, ya ce shi tun ranar farko jikinsa bai ba shi ba. Wani ya buɗe aljihun mota ya ciro reza. Hajiya ta fita har bakin ƙofa, inda mai shayi da masu walda da duk mai wucewa za su ji, ta ce ta ɗauki maciji ta sa a aljihu. Ta karɓe makulli, ta karɓe lasisinsa, ta kulle ɗakin yanka kada kowa ya taɓa komai.

“Gobe da ƙarfe huɗu,” ta ce masa. “Ko ka faɗi wanda ya aiko ka, ko ka faɗa wa 'yan sanda.”

Bai yi rantsuwa ba, bai yi kuka ba. Ya ce, “Hajiya, in sunana ya sake shiga littafinsu, ko keke ba wanda zai ƙara ba ni.”

“Da ka yi wannan tunanin kafin ka ɗauki reza.”

Ba zan ce ina son mutumin ba. Tun rasuwar matata ban cika son kowa ba, kuma ban ga an yi rashi ba. Abin da ya dame ni shi ne, magana guda da aka ji rabi a waya ta zama hukunci. Ni kuwa aikina ke nan: ba na barin jimla ta wuce ba a karanta ta sau biyu ba.

* * *

Yayan matata mai bin sawu ne. Shekara talatin ya yi yana bin dabbobin da aka sace, daga bakin garke har inda aka ɓoye su, sai da gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Mutane Baba Sawu suke ce masa, ni Yaya nake cewa, don haka take kiransa. Bai taɓa yarda na cancanci ƙanwarsa ba, kuma da ta rasu ya ci gaba da riƙe wannan ra'ayi, amma shi kaɗai ne yake zuwa ya zauna da ni bai ce in yi haƙuri ba.

Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran takalmi. Na ba shi labari.

“To, Jan Biro, ni me ya haɗa ni da leda? Tana da ƙofato?”

“Tana da yanka.”

“Ka ce mutumin ya taɓa zaman gidan yari?”

“Shekara biyu.”

“Kuma shi kaɗai ne a gidan, da makulli a hannunsa, da reza a motarsa, da rana tsaka.” Ya ciji zare ya tsinka. “Ko dai shi ne mafi wautar masu laifi, ko kuwa ba shi ba ne. Ka zo da safe ka ɗauke ni. Kuma ka zo da mota mai kujera, ba wancan babur ɗin da ya tsufar da ƙanwata ba.”

* * *

Da safen Laraba Hajiya ta ba Yaya makullin ɗakin da fuskar wadda aka tilasta wa shan magani. Bai shiga ba tukuna. Ya zagaya tsakar gida a hankali, hannu a baya, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Sabon Direba yana zaune a kan taya kusa da motar. Ba a ce ya zo ba, ya zo.

“Ɗana, ina kake lokacin da suka fita?”

“Cikin mota, Baba. Na ci abinci, na kwantar da kujera.”

“Me ka ji?”

“Injin. Kullum ina jin sa. Amma jiya ya daɗe, kuma kukansa ya canza. Da yana yi gajere-gajere, sai ya koma ja mai tsawo.”

“Ka gaya musu?”

“Ba a tambaye ni ba.”

“Rezar fa?”

Ya tashi ya nuna gilashin gaba. Tsohon direba ya manna masa sitika iri-iri, ta ƙungiyar ƙwallo, ta mai sayar da taya, ta wani maganin basir. Sati uku yana kankare su ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya shafa bakin rezar da babban yatsa, ya nuna mini. Duk danƙo ne baƙi, ko tumatir ba za ta yanka ba.

A bayan ɗakin yanka, ƙarƙashin taga, ya tsaya. Akwai sawun takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga. Ƙafar dama ta nutse fiye da ta hagu.

“Wa ke ɗingishi a nan?”

Mai shara, wadda ke bin mu da tsintsiya ba ta share komai, ta dafe ƙirji. “Tsohon Direba! Na shiga uku. Ashe su biyu ne!”

* * *

Ba mu sha wahalar nemansa ba. Yana wurin mai shayi, sanye da riga mai guga, don labari ya riga ya kai masa cewa an ce a dawo da tsoho.

“Ni na san za a neme ni,” ya ce. “Mota ba ta yarda da baƙon hannu.”

“Me ya kai ka bayan taga jiya?” in ji Yaya.

Ya yi tari, ya gyara hula. Ya ce matashin kujerarsa ya je ɗauka, wanda ya bari a mota. Bai so Hajiya ta gan shi ba, shi ya sa ya bi ta baya. Da ya leƙa ya ga sabon yana barci a kan matashin, baki buɗe, sai ya ji kunyar tashinsa ya juya.

“Barci yake yi?”

“Har da minshari. A kan matashina.”

“Ka leƙa tagar?”

“Labule ne. Amma injin yana ta kuka, wani dogon kuka haka.”

Ya faɗi wannan ne yana ganin ƙara yake kai wa. Bai lura ya zama shaidan mutumin da ya zo gadar kujerarsa ba. Na sha ganin haka a littattafai, ban taɓa gani da ido ba sai ran nan.

* * *

Sai wajen sha ɗaya muka shiga ɗakin. Yaya ya sa na ɗaga ledar saitin taga. Ya daɗe yana kallo, hancinsa kusan yana taɓa ta.

“Ledar nan hawa biyu ce?”

“Eh. Shuɗin a sama, farar takarda a ƙasa. In an yanka harafi sai a ɓare shi daga takardar.”

“Juya bayanta.”

Na juya. Takardar fara fes, babu ko ƙwarzane.

“Mutum mai fushi da reza,” ya ce, “yana dannawa da ƙarfi a farko, ya sassauta a ƙarshe, hannunsa kuma yana lanƙwasa. Wannan ya yanka sama ya bar ƙasa, mita goma sha biyu, zurfi ɗaya. Ko likita ba shi da wannan hannun. Ka kuma duba, inda wannan layin ya ƙare, nan na gaba ya fara. Mai tafiyar nan bai taɓa ɗaga ƙafarsa ba.”

Sannan ya sa farce a gefen ledar, inda wasu ƙananan ɗigo-ɗigo suka jeru kamar sawun tururuwa.

“Wannan fa?”

“Tayoyin injin ne. Su ke jan ledar gaba da baya.”

“To kalli nan da kyau. In sawu biyu suka haɗu, na sama shi ne ya zo daga baya. Wanne ne a sama, yankan ko tayar?”

Na sa tabarau. Ɗigon tayar ya hau kan yankan, ya danne bakinsa.

“Taya ta taka yankan,” ya ce. “Ke nan lokacin da aka yi shi, ledar tana cikin inji, injin yana tafiya. Ba wanda ya shigo ɗakin nan, Jan Biro. Ɓarawon yana ciki aka kulle ƙofa.” Ya zauna a kujerar Injiniya yana murza gwiwa. “Yanzu gaya mini. Da mutumin waya ya ce sabon direba, ina kowa ya kalla?”

“Tsakar gida. Wajen mota.”

“Kowa da kowa?”

Na rufe ido na sake karanta ɗakin kamar shafi. Hajiya ta juya ga ƙofa. Mai shara ta juya. Ni ma na juya. Mutum ɗaya ne bai juya ba.

“Injiniya,” na ce. “Shi kwamfutar ya kalla.”

A jikin kwamfutar akwai takarda da Mai Gyara ya sa na rubuta shekara uku da suka wuce: KADA A HAƊA DA INTANET. Ban taɓa tambayar dalili ba, na dai tabbatar an sa wa ɗ ɗinta ƙugiya. Yaya ya sa na karanta masa.

“Dabba ce ke nan da aka ɗaure don kada ta fita kiwo. Wannan abin ba ya ajiye sawu?”

Akwai wani shafi da kwamfutar ke rubuta abin da ta ƙara wa kanta, na taɓa ganin Mai Gyara ya buɗe shi. Na lalubo shi da ƙyar. Shekara uku babu komai. Sai layi ɗaya, da Turanci, ranar Talata, ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe. A tsakiyar layin ga kalmar nan zaune tana kallona.

Direba.

Na karanta littattafai fiye da yadda ke da amfani ga mutum. Na san kalma ɗaya tana iya ɗaukar kaya biyu. Amma aka faɗe ta a gabana, na juya na kalli tsakar gida tare da mai shara.

“Wa ke buɗe wurin nan da safe?” in ji Yaya.

“Injiniya.”

“Kada ka ce masa komai. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a kujera ɗaya, a bar shi ya tashi da ƙafarsa.”

* * *

Ƙarfe uku da rabi muka taru a ɗakin yanka. Hajiya a kujera, waya a hannu. Mai shara a bakin ƙofa. Tsohon Direba ya shigo ba a kira shi ba, ya tsaya inda za a gan shi. Sabon Direba ya jingina da bango, hannuwansa a gaba, kamar wanda ya saba da tsayuwar. Injiniya yana gefen injinsa, ya rame a kwana ɗaya.

Yaya bai yi jawabi ba. Ya ce a ɗora guntun leda, a tura kalma ɗaya. Injiniya ya ɗora. Injin ya yanka harafi biyu tsaf, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya ja dogon layi daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo, ya sake ja. Kukansa ya cika ɗakin.

“La'ilaha,” in ji mai shara. “Aljani ne.”

“Jiya reza, yau aljani,” na ce. “Gobe kuma sai ki ce mene ne?”

Hajiya ta sake kiran Mai Gyara. Wannan karon ya ɗauka, muryarsa tas.

“Hajiya, kun cire shi?”

“Na karɓe makullinsa da lasisinsa. Amma injin bai daina ba.”

“Lasisin wa?”

“Sabon direban da ka ce!”

“Inna lillahi. Hajiya, wane direban mota? Direban inji nake nufi! Wata 'yar manhaja ce a cikin kwamfuta, ita ke yi mata tafinta da injin, haka ake kiranta. Injinku tsoho ne, tsohon tafinta kaɗai yake ji. Ita kuwa kwamfuta, da ta ga intanet sai ta je da kanta ta ɗauko sabo ta sa, ba ta tambayi kowa ba, tana ganin alheri ta yi. Sabon yana zuba wa injin magana da sauri, injin ya rikice, ya yi ta yanka inda ya ga dama. Shi na ce ku cire ku dawo da tsohon.”

“To ai ga ni,” in ji Tsohon Direba.

Ba wanda ya yi dariya sai Yaya, shi ma ta hanci.

Hajiya ba ta kalli Sabon Direba ba. Mutane irinta in sun yi kuskure, sabon mai laifi suke nema da gaggawa. “Wa ya haɗa ta da intanet?”

“Ni sawu nake bi, Hajiya, ba na kama mutum,” in ji Yaya. “Sawun ya tsaya a ƙarfe bakwai da minti arba'in na safiyar jiya. A lokacin direbanki yana can yana lodin katako, na ga takardar lodin a mota. Iyakar abin da na sani ke nan.”

Ba iyakarsa ke nan ba. Ya dai zuba wa ƙasa ido yana jira.

Injiniya ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

“Ni ne.”

Ya faɗa a tsaye, ba tare da ado ba. Matarsa ta yi wata uku ba ta da lafiya. Ranar Litinin asibiti suka turo sakamakon gwaji ta waya. Rubutun ƙanana ne, idonsa kuma ya fara gazawa, abin da yake ɓoyewa tun bara don kada a ce ya tsufa da aikin. Bai so 'ya'yansa su karanta kafin shi ba, bai so maƙwabci ya karanta masa ba. Sai ya zo da sassafe, ya haɗa wayarsa da kwamfutar, ya buɗe takardar a babban allo. Minti goma kacal.

“Da aka ce direba, na gane,” ya ce. “Na buɗe baki in yi magana, sai na tuna za a fara mata magani wata mai zuwa, in aka kore ni… Na ce bari zuwa anjima. Anjima ta zama gobe.” Ya juya wajen Sabon Direba. “Kwana na yi ina ganin fuskarka.”

Ba wanda ya tambaye shi abin da takardar ta ce. Ni ban bukaci tambaya ba. Na taɓa zama da irinta, ta matata, da ƙamus a gefe, ina bin ta harafi-harafi. Ita ce takarda ɗaya a rayuwata da na nemi kuskure a cikinta da dukan zuciyata, ban samu ba.

* * *

Gyaran bai kai minti goma ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mai Gyara yana faɗa ta waya, ni ina dannawa. Muka shiga jerin na'urorin da ke haɗe da kwamfutar, muka sami injin, muka danna inda aka ce a koma wa direban baya. Sannan ya kai ni wani ɗan shafi mai tambaya ɗaya: shin kana so kwamfuta ta riƙa ɗauko wa na'urorinka direba da kanta? An riga an zaɓa mata “Eh”, har da ƙarin bayani cewa shi ne ya fi.

“Danna A'a,” in ji Mai Gyara. “Tun farko ya kamata in yi. Na ga takarda ta fi sauƙi.”

Shekara uku aikinmu, da sunan mutum guda, suna rataye a kan wata tambaya da aka amsa a madadinmu, da wata takarda da ta hana abu ba ta faɗi dalili ba. Na danna A'a. Aka sake tura kalmar, injin ya yanka ta tsaf, ya tsaya inda ya kamata.

Hajiya ta ciro makulli da lasisi daga jaka ta ajiye a tebur. “To, ɗauki. An yi kuskure.”

Sabon Direba bai motsa ba.

“A bakin ƙofa kika faɗa, Hajiya.”

“Me?”

“Maganar maciji. A bakin ƙofa kika faɗa, mai shayi ya ji, masu walda sun ji. A nan mu bakwai ne.”

Na ɗauka za ta kore shi a karo na biyu. Ta dube shi, ta dubi ledar da ke ƙasa, ta tuna Litinin, ta tuna shi ne zai yi tafiyar awa biyar ya nemo shuɗiyar leda ko da marar ƙyalli ce. Ta tashi ta fita. Muna jin ta daga ciki tana gaya wa titi cewa direbanta ba shi da laifi, inji ne. A matsayin ban-haƙuri, da an kawo mini shi a rubuce da na cika shi da ja. Amma da ƙarfi ta faɗa, kuma mai walda ya ce shi dama tun farko ya san mutumin kirki ne.

Ba ta kori Injiniya ba. Ba wanda ya iya injin sai shi, ta kuma san haka.

Injiniya ya tari Sabon Direba a tsakar gida. “Ka yafe ni.”

“Ba yau ba.” Ya buɗe ƙofar mota, ya ciro matashin ya miƙa wa Tsohon Direba ba tare da ya kalle shi ba. Ya shiga, ya tayar da mota, sannan ya sauke gilashi. “Wace rana za ta koma asibitin?”

“Alhamis ta sama.”

“Ina bi ta wajen da safe. Ku tsaya a bakin titi, ba na jira.”

Yaya ya ce in kai shi gida, gwiwarsa ta gaji da ilimi. A hanya ya ce ƙanwarsa da ta gane maganar tun a waya. Na ce na sani.

Washegari Hajiya ta ce in rubuta sabuwar takarda a manna wa kwamfutar, wadda kowa zai fahimta. Na zauna da ita fiye da yadda ta cancanta. Na yi niyyar in ƙara “na inji” a gaban kalmar, don kada a sake ruɗewa. Na rubuta, na karanta sau biyu, na soke. Na buga kwafi biyu.

Ɗaya tana jikin kwamfutar. Ɗayar, da Sabon Direba ya dawo da ledar, na miƙa masa. Ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. Mutumin da ya yi sati uku yana kankare sitika daga gilashin nan, ya goge kusurwa ɗaya da hannun riga, ya manna ta daidai inda Hajiya za ta gani duk lokacin da ta zauna a gaba:

KADA A CANZA DIREBA SAI AN TAMBAYA.